Lambar Katin Maigandi

Gwaggo Riskuwa ƙanwar mahaifina ce. Teburinta yana bakin tashar Argungu, daidai inda motocin ƙauye ke sauke mutane ranar kasuwa. Tebur ne na katako mai aljihu ɗaya, da benci, da wata laima da rana ta cinye launinta. Na'urar POS kuwa ba ta ajiye ta a kan tebur, a wuya take rataye ta cikin 'yar jakar da ta ɗinka da ragowar atamfa. Mutanen tasha Hajiya suke ce mata, ko da yake ba ta je Makka ba tukuna.

Gidanmu gidan masunta ne, kuma da suyar kifi na tashi na gan ta. Mijinta mai gyaran injin ban ruwa ne. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kaskon suyar nan ne ya riƙe su. Shekarar da aka canza kuɗi ce ta raba ta da shi. Ga mutane da yunwa, ga kifi a gabansu, amma babu takardar kuɗi a hannun kowa, sai dai a ce mata, "Kawo akawun in tura miki." Ita kuwa ba ta da shi. Kifi ya riƙa kwana yana lalacewa. Da ta gaji ta je ta buɗe akawun, daga baya ta sayar da kaskon da 'yan kunnenta na aure ta karɓi na'ura. Iyakar bokonta aji shida, amma lambobi ba su taɓa ba ta wahala ba, kuma 'yan kalmomin Turancin da na'urar ke rubutawa ta san su kamar fuskar maƙwabta.

Abin da ya bambanta teburinta da sauran laimomin da suka cika tasha shi ne tsofaffi. Tun da masu sayen shinkafa suka koma biya ta banki, manoman Gulma da Augie da ƙauyukan fadama suka mallaki kati, ko suna so ko ba sa so. Katin ba ya damunsu, lambar sirrin ce matsala. Wani ya manta, wani ya sa jikansa ya rubuta masa a takarda ya naɗe katin da ita, sannan ya miƙa duka biyun ga duk wanda ya tarar a ƙarƙashin laima. Gwaggo ta fara yi musu faɗa a kan takardar nan. Rannan wani tsoho ya ce mata, "To ke riƙe min." Ta duba lambar, ta yaga takardar a gabansa. Daga shi sai abokinsa, sai maƙwabcin abokin. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Kati yana aljihun mai shi, lamba tana kanta, kuma ba ta danna ta sai mai katin yana zaune a bencinta.

Maigandi yana cikin waɗannan tsofaffi. Manomin shinkafa ne a Gulma, dogo, mai taurin kai, wanda duk ribar nomansa ke kwance a cikin katin nan. Shi kansa bai san lambarsa ba, kuma ya ce ba ya so ya sani. Akwai ranar da suka yi sa'insa da babban ɗansa Nu'uman a gaban teburin Gwaggo. Nu'uman yana so a cire kuɗi a saya masa babur ya yi kabu-kabu, ya ce ya gaji da laka. Uban ya ƙi. Da ɗan ya tafi a fusace, Maigandi ya juyo ya nuna Gwaggo da yatsa.

"Kin gan shi ko? Ko shi yaz zo miki da katin ga, ko da kuka yaz zo, kar ki taɓa. Amana ta."

"Na ji, Baba."

"Ce kin ɗauka."

"Na ɗauka."

Ranar da zan ba da labarinta ina wurin, don na gama jami'a ina jiran bautar ƙasa, nakan zo in zauna a inuwarta. Ranar kasuwa ce, da hantsi, motocin ƙauye sun fara shigowa. Wani ɗan kabu-kabu ya ci burki har ya kusa taɓa laimar, Nu'uman ya diro. Wandonsa duk busasshiyar laka, idonsa ja. Ko sallama bai yi ba, ya ajiye katin ubansa a kan tebur.

"Hajiya, maciji ya sari Baba. Kububuwa ta. Shina asibiti Birnin Kebbi, jini ya ƙi tsayawa. Sun ce a sayo allura yanzu-yanzu."

Gwaggo ta dubi katin, ba ta taɓa shi ba.

"Innalillahi. Yaushe?"

"Jiya da la'asar, wurin ɗaukar damin shinkafa. Mun yi na gida dut dare, bai yi ba, da asuba munka kai shi." Ya zaro wata takarda da ta jiƙe da gumi. "Ga akawun ɗin mai kantin magani. Ki cire ki tura mai, ƙanena Tamba shina tsaye can, shi amsa shi kai."

Ta danna lambar akawun ɗin a na'urarta don ta ga sunan da zai fito. Ba sunan kanti ya fito ba, sunan mutum ne, Abdussamadu wane. Na ga ta karanta sau biyu.

"Wanga ai sunan mutum na."

"Shi na mai kantin!"

Ta ɗauki waya ta kira Maigandi, a kashe. Nu'uman ya ce wayar ta faɗa ruwa lokacin da aka ɗauko shi. Ya kira Tamba ya miƙa mata, wata murya da ba ta sani ba tana rantsuwa, bayanta hayaniya wadda za ta iya zama ta asibiti, za ta iya zama ta kowace kasuwa. Ta ce a kanga wa tsohon wayar a kunne, aka ce ba ya magana. Ta ce a ba matarsa, aka ce tana ciki, an hana shiga.

Kafin nan mutane sun fara taruwa. Ɗan kamashon tasha ya tsayar da wani mai albasa da ya sauka daga motar Gulma ya tambaye shi. Mutumin ya ce ya dai ji an ce maciji ya sari wani a fadama, amma bai san ko wane ne ba.

"Kin ji ko!" in ji Nu'uman.

"Wani yac ce, bai ce ubanka ba," in ji ɗan kamasho.

"Kai wa yas sa da kai?"

"Hajiya, ki ji tsoron Allah, rai na hwa," wata mai sayar da nono ta sa baki.

"Ki ji tsoron Allah ɗin dai," in ji wani mai faci daga gefe. "Yaran yanzu har gawa suna iya ƙirƙira saboda babur."

Nu'uman ya yi kansa, aka riƙe shi. Ya dawo ya dafa teburin da hannu biyu.

"Hajiya, kuɗɗinai na, ba naki ba. In kin tura yanzu, kahin in koma an yi mai allura. In yam mutu saboda lamba huɗu da ke kanki, mi za ki ce ma Allah?"

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ja aljihun tebur ta duba. Da sauran safiya, dillalin shinkafar da ke kawo mata tsabar kuɗi bai iso ba, abin da ke hannunta bai kai kuɗin kwalba ɗaya ta allurar ba. Ta mayar da aljihun.

"Gabanka yah hwaɗa min, ko bayan ka tahi? Yac ce ko kai kaz zo da kuka."

"To ga ni da kukan!"

"Ba ni taɓa katin ga sai na gan shi da idona." Ta miƙe ta fara naɗe laima. "Mu tahi."

"Tahiyar awa guda ta, Hajiya!"

"To kar mu ƙara mata da gardama. Zuhura, ɗauko min caja," ta ce tana dubana.

Motar Birnin Kebbi da ke kan layi mutum biyu ne a ciki. Gwaggo ta biya kuɗin sauran kujerun ta ce a tashi. Tsofaffi biyu da suka iso da katinsu a hannu suka tsaya suna kallonta tana shiga mota. Ta leƙo ta taga ta ce su yi haƙuri sai wata kasuwar.

Nu'uman yana gaba, mu muna baya. Hagu da dama fadama ce koriya shar, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, mutane sun duƙa suna yankan shinkafa kamar babu abin da ya faru a duniya. Direban yana gudu iyakar abin da motar za ta iya, amma duk inda ya rage saboda rami sai Nu'uman ya bugi ƙofa da tafin hannu. Wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, "Dasashi kuma?" Ya kashe. Bai juyo ba ya ce, "Yanzu ta baki jinin ke hita."

Gwaggo ta damƙe jakar wuyanta. Ban san ko ta gaskata shi a lokacin ba. Na dai ga ta daina kallon taga.

Mun ci kusan rabin hanya sai ya sake magana, a hankali wannan karon.

"Hajiya, akwai abin da ban hwaɗa miki ba. Kahin in taho na gwada katin wurin wani mai POS bakin asibiti."

"Ka gwada da wace lamba?"

"Na yi tsammani na. Na sa ƙarshen lambar wayatai, bai yi ba. Na sa shekarar da anka haihe ni."

"Sau nawa ke nan?"

"Biyu."

"Biyu, ko uku?"

"Wallahi biyu. Mai na'urar yak karɓe yac ce in na ƙara kuskure banki za ta kulle shi."

Direba ya yi salati. Kowa a motar ya san abin da ake nufi. In aka sa lambar da ba daidai ba karo na uku, katin ya rufe, sai mai shi ya taka da ƙafarsa ya je banki, mai shi kuwa yana kwance jini na fita ta bakinsa.

"Saura ɗaya ke nan," in ji Gwaggo.

"Ai ke kin sani, ɗaya ta ishe ki."

Can sai na lura da babban yatsanta yana motsi a kan gwiwarta, sama, ƙasa, gefe, ya tsaya, ya sake. Leɓenta ma yana motsi. Ta yi haka ya fi a ƙirga, sannan ta matso har ina jin numfashinta a kunnena.

"Zuhura, na shiga uku. Ta ruɗe min."

Ta yi mini bayani da raɗa. Maigandi ba ya zuwa shi kaɗai, kullum tare suke da amininsa Malam Abu. Rana ɗaya suka buɗe akawun, kuma yaron da ya taimaka musu a banki ya zaɓa musu lambobi iri ɗaya, sai dai ya juya biyun ƙarshe don kar su zama daidai. Kullum Malam Abu ke fara miƙa kati saboda shi ne babba, sannan Maigandi. Ita ba ta taɓa zama ta raba wannan ta wane, waccan ta wane ba. Hannunta ne ya saba, in ya gama ta farko sai ya wuce ta biyu. Yanzu babu Malam Abu, babu tebur, ga lambobin biyu suna yawo a kanta, duk wadda ta kama sai ta ga kamar ɗayar ce.

Na ce ko za a kira Malam Abu. Ta ce shi ma ai bai san tasa ba.

"Mi kuke cewa?" Nu'uman ya waiwayo.

"Addu'a," in ji Gwaggo.

Sauran hanyar ban iya tuna komai a cikinta ba sai zafin kujera da wannan yatsa da bai daina motsi ba.

A bakin asibitin Tamba ya tarye mu da gudu, rigarsa da ɗigon jini a kafaɗa. Nu'uman ya nuna kantin magani a tsallaken titi, amma Gwaggo ta wuce shi ta nufi ciki. Ya bi ta yana cewa, "Har yanzu? Har yanzu, Hajiya?" Ma'aikaciyar jinya ta so ta hana, Tamba ya ce wannan ce mai lambar, sai ta kauce.

Maigandi yana kan gadon kusa da taga. Ƙafarsa ta dama ta kumbura har gwiwa, fatar ta yi sheƙi, yatsu biyu sun fara yin baƙi. Audugar da aka manna inda aka huda hannunsa ta jiƙe ta yi ja, ga wani siririn jini yana bin gefen bakinsa zuwa gemu, matarsa Inna Baiwa tana share shi da bakin mayafi, yana sake fitowa. Gwaggo ta tsaya cik. Sai ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba Maigandi, Riskuwa ta. Za ni taɓa katinka a sayo maka allura. Ka ji ni?"

Idonsa a buɗe yake, amma ba mu yake kallo ba.

Ta juya ga matar. "Inna, ki shaida. Kuɗɗin magani kawai za ni cirewa, kuma hannun mai magani za su."

"Ɗiyata, yi maza," in ji Inna Baiwa. "Tun ɗazu muke jiranki."

Wannan maganar ta fi duk zagin tasha shigarta. Na gani a fuskarta.

Muka tsallaka titi. A jikin gilashin kantin an manna takarda da lambar akawun, da sunan Abdussamadu a ƙasa. Gwaggo ta karanta. Nu'uman yana kallonta tana karantawa.

"Kin gani?"

"Na gani."

Mai kantin ya riga ya fito da kwalaben daga firji ya jera su a bayan gilashi. Ya turo na'urarsa ya ce a sa katin a nan, ya fi sauri. Gwaggo ta ce a'a, madannan tasa ba irin nata ba ne. Ta duba ta ga wani benci a ƙofar kantin, ta ja shi ta zauna, ta ɗora na'urarta a cinya. Ta ce in ba ta katina. Na ba ta ban tambaya ba.

"Zauna nan, daman benci. Kai Nu'uman, nan, hagu. Riƙe katin ubanka, kar ka miƙo sai na ce."

"Hajiya, mi ne na haka kuma?"

"Zauna!"

Ya zauna. Ta rufe ido. Keke napep suna ta wucewa da hon, Tamba yana tsaye a kanta yana haki. Sai ta buɗe baki da muryar da take yi a tasha, muryar safiyar kasuwa, har da ɗan murmushi a ciki.

"Malam Abu, an zo lahiya? Ya fadama? Ya ƙahwar taka?"

Mai kantin ya leƙo ya dubi Tamba. Tamba ya ce, "Ta zautu ne?"

Gwaggo ba ta ji su ba. Ta zura katina, yatsanta ya bi madannai huɗu da sauri, ta danna jan madanni ta soke, ta zare ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Ta juya hagu, idonta har yanzu a rufe.

"To Baba Maigandi, kawo naka. Kai kullum sai an jira ka."

Nu'uman ya sa mata katin a hannu. Ta buɗe ido ta sa adadin kuɗin allurar, ta sake rufewa. Yatsan ya sauka sau huɗu, bai yi jinkiri ba. A kan koren madanni ne ya tsaya.

"Bismillahi," ta ce, ta danna.

Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar na'urar. Sabis ɗin wurin sanda ɗaya ne. Zoben ya yi ta juyawa. Gwaggo ta ɗaga na'urar sama da kanta kamar yadda take yi a tasha, gumi yana bin gwiwar hannunta. Babu wanda ya san ko lambar ce ba daidai ba, ko sabis ne. Tamba ya tsugunna ya rufe fuska. Nu'uman yana ta maimaita sunan Allah ƙasa-ƙasa.

Sai na'urar ta yi ƙara ta fara turo farar takarda.

Gwaggo ta sauke hannu ta duba rubutun. Ta shiga tura wa mai kantin kuɗin. Shi kuwa da ya ga takardar ta fito bai jira alat ɗin shigar kuɗin ba, ya zuba kwalaben a leda da ƙanƙara ya miƙa wa Tamba ta saman gilashi. Tamba ya tsallaka titi ko mota bai duba ba.

Da suka tafi Gwaggo ta ci gaba da zama a bencin. Ta ce in samo mata ruwa.

Aka sa wa Maigandi allurar a cikin ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ba a sanin ko ta yi aiki sai an jima. Za a ɗebi jininsa a 'yar kwalba a ajiye, in ya daskare to dafin ya saki, in ya tsaya ruwa to da saura. Bayan la'asar ta ɗiba ta ajiye a bakin taga. Dukanmu muka zuba wa kwalbar ido. Da lokaci ya yi ta karkata ta, jinin ya gangara kamar zoɓo. Ta ce sai an ƙara wata allurar.

Gwaggo ta sake tsallaka titi. Wannan karon ba ta buƙaci benci ba. Da ta dawo Nu'uman ya tare ta a baranda. Ba faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai.

"Hajiya, kin ga dai ba ƙarya niy yi ba. Hwaɗa min lambar ki koma ga ɗiyanki. Ƙila gobe ma a nemi wani abu."

"In an nema ina nan."

"Ke wace irin mace ta?"

"Bai tashi ya warware ba, Nu'uman. In ya tashi yac ce in ba ka, ko minti ba ni ƙarawa."

Ya dube ta ya daɗe, ya tofar da yawu a gefe ya wuce.

Muka sauka a Gwadangaji wurin wata 'yar uwarmu, kullum da sassafe mu hau keke mu koma asibiti. Teburinta na Argungu yana rufe. Washegari da aka karkata kwalbar, jinin bai motsa ba, ya dunƙule a ƙasa. Inna Baiwa ta fashe da kuka. Gwaggo ta fita ta bi ma'aikaciyar jinyar har ƙarshen baranda. Ina bayanta na ji abin da ta tambaya: da an yi allurar awa guda kafin lokacin da aka yi, da yatsun ƙafar nan da suka yi baƙi sun tsira? Matar ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba, daren da aka kwana a gida ma ya yi nasa. Gwaggo ta yi godiya. Ba ta ci abincin rana ba.

Sai a rana ta uku Maigandi ya dawo hayyacinsa sosai. Inna Baiwa ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage komai ba, har awar da aka ɓata. Yana ji yana kallon rufi. Da ta gama ya juyo da kai wajen ɗansa.

"Sau biyu kag gwada?"

"Sau biyu, Baba."

"Da shekarar haihuwarka? Kai a ganinka ranar ce tah hi min daɗi a duniya?"

Mutumin gadon kusa, wani mai karyayyen hannu, ya ƙyalƙyale da dariya. Nu'uman ya sunkuyar da kai.

Maigandi ya dubi Gwaggo. "Ke kuma kin bar ni ina zubar da jini awa guda saboda maganar da niy yi cikin hushi."

"Kai kac ce in ce na ɗauka, Baba."

"Ni nic ce." Ya dubi ƙafar da ke naɗe da bandeji. "Hwaɗa mai."

"Ni ba ni hwaɗa mai. In hwaɗa maka, kai ka ba ɗanka da bakinka."

Ta sunkuya ta raɗa masa a kunne. Maigandi mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kiran mutane daga wannan bakin gona zuwa wancan, bai iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ya kira Nu'uman kusa, ya kama kunnensa, sannan ya faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya da muryar da har masu jinya a baranda suka ji.

"Allah shi ƙara sauƙi, Baba," in ji mai karyayyen hannu. "Ni ma na riƙe maka, ko da za ka manta."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Gwaggo ta dafe kai ta ce da an sallame shi sai a wuce banki a canza ta, kuma sabuwar su biyu za su riƙe, ita ta sauke.

Da yamma muka shiga motar Argungu. Nu'uman ya rako mu har bakin ƙofar asibiti, ya tsayar mana da keke, ya biya mai keken. Bai yi mata godiya ba, ita ma ba ta ba shi haƙuri ba. An yanke wa Maigandi yatsu biyu a ƙafar bayan mun tafi. Da labarin ya iso tasha Gwaggo tana tsakiyar sallamar wata tsohuwa daga Augie. Ta gama, ta yage takardar ta miƙa mata, sannan ta zauna ta daɗe ba ta kira na gaba ba.